Neman shawara: turman da kakanmu ya ƙera da hannunsa, ya za mu yi kar su lalace kuma mutane su gani?

Jikar mai turmai:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Kakanmu Allah ya yi masa rasuwa wata huɗu da suka wuce, to a Omdurman ta Sudan aka haife shi, iyayensa suna cikin masu tafiya hajji a ƙasa da suka yada zango can suka zauna. Yana saurayi ya yi aikin kamsari, wato mai karɓar kuɗi, a turmai, wannan ƙaramin jirgin da ke bin dogo a tsakiyar titi cikin gari yana haɗa Khartoum da Omdurman ta kan gadar Farin Nilu, har aka daina shi a 1962. Daga baya ya dawo Kano ya yi aure ya kama kafinta, amma wlh turman nan bai taɓa fita ransa ba, da tsufa ya kama shi sai ya zauna a zaure yana ƙera ƙananansu da katako da gwangwanin madara da wayar tagulla, guda tara ya bari, kowanne tsawonsa kamar kamu ɗaya, da kujeru da tagogi da ƙararrawa har sandar da ke taɓa wayar lantarki a sama. Ɗaya ma na tururi ne, ya ce shi ne na farko da aka fara a 1904 kafin a kawo mai lantarki a 1928, shi bai gan shi ba a hoto ya kwaikwaya. Bai sa mutum ko ɗaya a ciki ba, yana cewa shi ba ya sassaƙa mai rai.

Yanzu suna ɗakinsa a kan kabad, jiya na shiga na ga gari gari kamar na katako a ƙarƙashin guda biyu, ƙafafun wasu sun fara tsatsa, fentin ɗaya yana ɓarewa, ga yara kullum sai sun lallaɓa. Kawuna ya ce a kai wa mai fenti ya sabunta su a raba wa jikoki, ni kuma zuciyata ba ta so a raba, so nake a ajiye su wuri ɗaya inda jama'a za su gani. Ta ina zan fara?

Kafinta daga Fagge:
Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ƙanwata garin nan da kika gani ƙwaro ne a cikin katakon, duba da kyau za ki ga ƙananan huji kamar na allura. Yau ɗin nan ki raba biyun nan da sauran, ki share ƙarƙashinsu ki shimfiɗa baƙar takarda ki ɗora su, in bayan kwana uku kin ga sabon gari to yana raye yana ci. Ki kuma janye kabad ɗin daga jikin bango ki duba bayansa saboda gara, ita in ta shiga ba ta sallama. Kuma dan Allah kar wani ya ce miki a shafa baƙin mai ko kalanzir, mu muna yi wa katakon rufi amma ba irin wannan aikin ba, zai jiƙa fentin ya ɓata shi har abada.

Ma'aikaciyar gidan tarihi mai ritaya:
'Yata sannu da rashi, Allah ya gafarta masa. Na yi shekaru ina wannan aikin, to abu na farko da zan roƙe ki, ki roƙi kawunki cikin ladabi kar a kai su wurin mai fenti. Fentin nan da ke ɓarewa hannun kakanki ne ya shafa shi, ranar da wani ya bi kai da sabon fenti sun zama kayan wasan yara masu kyau, amma aikin mamaci ya tafi. Mu a wurinmu abin da ya tsufa da asalinsa ya fi wanda aka sabunta daraja nesa ba kusa ba. In ɓallin fenti ya faɗo ki tsince shi ki sa a ambulan ki rubuta daga wanne ya fito.

Shara kuma ba ruwa ba sabulu ba man goge kujera. Burushi mai laushi irin na kwalliya, sabo, ki riƙa kaɗe ƙurar a hankali, inda fenti ya ɗaga kar ki taɓa wurin sam. In za ki ɗauka ki tallabo ta ƙasa da hannu biyu, kar ki kama rufin ko sandar nan ta sama, kuma ki sa safar hannu ta roba don gumin hannu shi ke jawo tsatsa a gwangwani. Kar ki naɗe su da jarida, tawadar tana kamawa takardar kuma tana da sinadarin da ke cin abu, ki samu alawayyo ki wanke shi sau biyu ba bula ba sitati ki lulluɓa.

Babban abokin gabarsu a Kano shi ne sauyin yanayi, a Agusta iska ta jiƙe katako ya kumbura ƙarfe ya yi tsatsa, hunturu ya zo ya bushe ya tsage, wannan kai da komowar ita ke ɓare fenti don katako yana motsi fentin ba ya binsa. Abin da ake so danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, akwai ɗan agogon auna danshi mai araha ki saya ki sa a ciki. Akwatin gilashi mai firam ɗin alminiyom wanda ke rufuwa ruf, a sa ƙullin silika a ƙasa, irin 'yan ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi amma da yawa, in sun sha danshi a gasa su a mayar. Kar a yi akwatin da filawud ko katakon nan na garin katako da aka matse, gam ɗinsu yana fitar da tururin da ke cin dalma da tagulla a rufaffen wuri. Fitila kuma LED, kuma nesa da taga, rana tana kashe launi.

Maganar ƙwaro, mu daskarewa muke yi, a ɗaure abu a leda a fitar da iska a sa a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifili na sati biyu sannan a bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe. Amma naki akwai ƙarfe da gilashi da gam a haɗe, ga wuta da ba ta zama, in firizar tana narkewa tana kamawa ɓarna za a yi. Ki bari wanda ya san aikin ya gani da idonsa tukun.

Abu Yasir, ɗan garin Mai Wurno ta Sudan:
Allahu akbar, wlh sai da na yi hawaye. Mahaifina yana ba mu labarin turmai da Mahaɗɗa Wusɗa, babbar tashar tsakiyar gari. Mu zuriyar waɗanda suka yi hijira zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 ne. 'Yar'uwa da a da ne sai in ce Sudan ya kamata su koma, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum, ki riƙe su a Kano. Ki ɗauki hotunansu ta kowane ɓangare ki turo, akwai tsofaffinmu da za su gane su.

Malamin islamiyya:
Allah ya jiƙansa. Ni abin da zan tuna miki, kayan nan gado ne, haƙƙin magada ne, kuma jika ba ta da hurumin bayar da su ita kaɗai ko da niyyarta mai kyau ce. A tara magada a faɗa musu, in sun yarda su bar rabonsu a mayar da su waƙafi ko mallakar gida baki ɗaya to a rubuta kowa ya sa hannu da shaidu. In akwai maraya ƙarami a cikin magada ba a yafe rabonsa, sai a ƙiyasta kuɗin a biya shi. Kar ki tsallake kawunki.

Ɗalibin tarihi a BUK:
Aunty ga Gidan Makama nan kusa da fadar sarki, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ga kuma Gidan Ɗan Hausa, ki je ki nemi ganin mai kula da kaya da hotuna a wayarki. In harkar jirgi ce zalla akwai Jaekel House, gidan tarihin jirgin ƙasa a Ebute Metta ta Legas cikin harabar reluwe, kuma Legas ma ta taɓa yin turmai na tururi daga 1902 zuwa 1933, amma ni gsky Kano nake ganin sun dace, labarinsu ai labarin hanyar hajji ne ta ƙasa. Shawarata ki fara da aro kar ki yi kyauta, in kika bayar kyauta sun fita hannunku kenan kuma ba dole ne a baje su ba, gidan tarihi ko'ina a duniya yawancin kayansa a sito suke. A rubuta yarjejeniya, shekara ɗaya ko biyu, da hoton halin da kowanne yake ciki ranar da aka karɓa, da sunan da za a rubuta a jiki, da cewa ba mai gyara ko fenti sai da izininku.

Ma'aikaciyar gidan tarihi mai ritaya:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Na manta ban tambaya ba, kakarku tana raye? In tana nan ki kunna rikoda a waya ki zauna da ita, wanne ya fara yi, a wace shekara, me yake cewa in yana aikin. Ki haɗa da kayan aikinsa da duk wata takarda ko zane da ya bari, kowane turmai a ba shi lamba a ɗan kati da fensir a ɗaura da zare.

Jikar mai turmai:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh na samu nutsuwa. Hajiya tana nan da ranta, ɗazu na tambaye ta sai ta tashi ta buɗe adakarta ta fiddo wata tsohuwar jakar fata ta kamsari da littafinsa na zane duk da rubutun ajami, ban taɓa sanin akwai su ba. Na raba biyun na sa baƙar takarda kamar yadda malam kafinta ya ce, ɗakin kuma na kulle makullin yana hannun Hajiya. Ranar Juma'a bayan masallaci kawunnaina za su haɗu, ita ta ce za ta yi musu maganar da kanta. Mama in ba damuwa zan turo miki hoton hujin ta inbox ki duba min kafin in nemi mai firiza.