Ƙanwata za ta yi tseren ratsa daji, da me zan taimaka mata?

Yayanta: Salamu alaikum. Ƙanwata za ta yi tseren ratsa daji na kilomita 6, kuma an yi ruwa, filin duk taɓo ne. Me zan tanada, a ina zan tsaya?

Mai horarwa: Wa alaikumus salam. Fara da takalmi. Idan na tsere ne mai ƙusoshi a ƙasansa, a cire gajerun a sa na milimita 12, ko 15 in taɓon ya yi zurfi. A ƙulle igiyar sau biyu a naɗe ta da tef, don laka na zare takalmi daga ƙafa. Lambar ƙirji kuma fil huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Abinci mara nauyi, awa 2 zuwa 3 kafin a tashi.

Tsohuwar 'yar tsere: Ɗan'uwa, kada ka maƙale a layin ƙarshe, can kowa ke cunkushewa. Yawanci zagaye ake yi, don haka ka tsaya a saman tudu, inda ƙafa ke mutuwa, za ta wuce ka sau da yawa. Kuma "yi sauri" ba ya amfanar kowa. Ce mata "ke ce ta 14, biyu na dab da ke!" A gasar ƙungiya matsayi ake tarawa, mafi ƙarancin jimla ke cin nasara, duk wadda ƙanwarka ta sha gabanta riba ce.

Alƙalin fili: Amma kar ka bi ta da gudu a gefe. Taimako ne da doka ta hana, ana iya cire ta daga gasar. In ta gama, busasshiyar riga da safa nan take, takalmin a leda.