Neman shawara: me za mu fara koya wa samarinmu masu kashe gobara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙauyenmu yana kan hanyar Soba, kafin motar 'yan kwana-kwana ta taso daga Zariya komai ya zama toka. Bara yara masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, ta cinye rumbuna har ta haura gidan maƙwabcin kawuna, su biyun kuwa ba sa ga-maciji tun rikicin gona, shi ya sa karo-karon ma da ƙyar aka yi shi. Mun dai haɗa samari, mun sayi injin ban ruwa mai inci 3 da takunkumi. Ga hunturu ya kama, ba wanda ya san yadda ake shiga ɗaki mai ci a fito da rai. Hankalina a tashe yake.

Tsohon ɗan kwana-kwana: Wa alaikumus salam. Ɗana, darasin farko shi ne kada su shiga. Takunkumin yadi ba ya tare gubar hayaƙi, kuma hayaƙi ke kayar da mutum kafin wuta ta taɓa shi. Katakon rufi in ya ci, kwano kan mutum zai rufto, silin roba kuma narkewa yake yana ɗiga. A yaƙi wuta daga waje, iska tana bayanka, kuma ka san ta inda za ka gudu. A fara cire lantarki. Wanda hayaƙi ya rutsa da shi ya yi rarrafe, hannu a jikin bango har ƙofa. Kayan auduga za su saka, rigar ƙwallo manne wa fata take. Mutum ɗaya ya tsaya yana ƙirga kowa da suna.

Mai gyaran inji: Baba ya yi gaskiya, amma injin nan ku gwada shi duk mako. A cika cikinsa da ruwa kafin a tayar. In mesa tana shan iska, ko ruwan rijiya ya yi ƙasa fiye da mita 7, ba zai ja ba. Ku ajiye durom biyu cike.

Ma'aikaciyar jinya: Wanda tufarsa ta kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna ruwan sanyi ake kwarara mata minti 20, ban da ƙanƙara, manja ko makilin. A cire zobe kafin kumburi. In ta shafi fuska ko murya ta dushe, a wuce asibitin koyarwa na Shika.

Ɗan unguwa: Duk wannan banza ne muddin masu bumburutu na ajiye jarkoki a zaure. Mun kai ƙara har mun gaji.

Tsohon ɗan kwana-kwana: To shi ya sa inji ba shi ne farko ba. Fetur kan ruwa yake tasowa ya bi shi. Yashi ake zubawa, ko tukunyar kashe wuta mai hoda, a saita gindin wutar. Ita ma ba ta kai rabin minti. Da ma da kuɗin injin an sayi bokitai, shebur da fartanya, a share ciyawa mita 3 kewaye da rumbuna.

Mai gyaran inji: Baba, karan dawa in ya kama yashi ba ya isa, sai ruwa.

Mai tambaya: Na gode, amma inji an riga an saya, kuma da rani muna fadama da shi. Maganar kada su shiga kuwa, in yaro na ciki wa zai iya riƙe su? Nan ne nake son amsa.

Ɗan unguwa: Ku fara da mai unguwa kan jarkokin tukuna.