Gem mai ragi: a saya ta intanet ko a nemi faifai?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da PS5 mai shan faifai, ina kuma da kwamfutar buga gem. Ana ragi yanzu a PlayStation Store, gem ɗin dala 70 ya sauko ƙasa da rabi, amma faifansa na hannu a kasuwa ma kusan nan kuɗin yake. Wanne ya fi riba? Sannan masu loda gem a shago da asusunsu, sun fi kowa araha, akwai matsala a ciki?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. Malam, kuɗin da ka gani a allo ba shi ne kuɗin gem ɗin ba, sai ka ɗora na data a kai. Manyan gem na yanzu daga giga 50 suke zuwa sama da 100. In saurin intanet ɗinka megabit 10 ne a daƙiƙa, giga 100 zai ci awa 22 da 'yan mintoci, in ba a ɗauke wuta ba ke nan. Lissafa kuɗin giga 100 a layinka ka haɗa da farashin ragin, sannan ka kwatanta da faifan.

Faifan PS5 yana ɗaukar har giga 100. In ka saka shi, na'urar kwafe gem ɗin take yi zuwa ma'ajiyarta ba tare da ta taɓa data ba, sai dai duk sanda za ka buga dole faifan yana ciki. Inda data ke tafiya shi ne sabuntawa, wani gem ɗin nasa kaɗai giga 20 ne ko fiye. Gem na labari da mutum ɗaya ke bugawa yawanci yana tashi ko ba a sabunta ba, don haka shiga Settings, Saved Data and Game/App Settings, Automatic Updates ka kashe, kar ya shanye maka data kana barci. Amma ba kowane faifai ne gem ke ciki ba. Na Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke kansa bai kai megabait 100 ba, sauran duk saukewa ne. Irin wannan faifan mabuɗi ne kawai.

In ka sayi na intanet, nemi ma'ajiyar waje ta USB, daga giga 250 zuwa tera 8. Gem ɗin PS5 ba ya buguwa daga kanta, amma za ka iya matsar da shi can in wuri ya cika maimakon ka goge ka sake saukewa. PS5 ta farko giga 825 aka rubuta, wajen 667 ne kawai naka.

Kuma faifai in ka gama ka sayar ko ka yi musaya. Na intanet ya zauna a asusunka ke nan.

Hajiyar_PC:
A kwamfuta maganar faifai ta ƙare, kwalin ma in ka samu galibi takardar lamba ce a ciki da za ka shigar a Steam, babban shagon gem na kwamfuta a intanet. Abin yi shi ne sanin lokacin saye. Babban ragin Steam biyu ne, ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, sai wasu ƙanana a tsakani. Sa gem ɗin a jerin abin da kake so, za su turo maka saƙo in ya sauka. Kafin ka biya ka duba tarihin farashinsa a shafin SteamDB ko IsThereAnyDeal, don wani ragin kashi 50 ɗin ya taɓa kaiwa 75 wata uku baya, kuma zai sake.

Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa biyu ba. Yi amfani da awa biyun nan ka gwada ko kwamfutarka za ta ja shi. PlayStation ba haka ba ne: kwana 14 ɗin nan suna nan, amma da zarar ka fara saukewa shi ke nan, sai in gem ɗin ne ya zo da lahani.

Lambobin gem da ake saya a wani waje a shigar a Steam kuwa kala biyu ne. Shagunan Humble Bundle, Fanatical da Green Man Gaming daga hannun masu gem ɗin suke karɓa. Kasuwannin da kowa ke kawo lambarsa ya sayar, can ne ake samun wadda aka saya da katin sata, a soke ta bayan ka shigar, ko wadda aka kulle wa wani yanki ta ƙi shiga a nan. Wanda intanet ɗinsa ba tabbas kuma ya duba shagon GOG, suna ba da fayil ɗin girkawa ka ajiye a ma'ajiyarka, ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi.

Baban_Walid:
Ƙanina, maganar shago. Abin da suke yi, su shigar da asusunsu a na'urarka su kunna Console Sharing and Offline Play. Asusu ɗaya PS5 ɗaya kawai yake iya kunna wa wannan a lokaci guda. Ranar da mai shi ya kashe taka ya kunna wa wani, ko ya canza kalmar sirri, ko Sony mai PlayStation ta rufe asusun, sai ka ga kwaɗo a kan gem ɗin. Haya ka yi, ba saye ba, kuma ba ka san ranar da za ta ƙare ba.

Sai yanki. Najeriya ba ta cikin ƙasashen PlayStation Store, shi ya sa kowa ke buɗe asusun Amurka ko Ingila ya sayi katin kuɗi, kuma ƙasar asusu ba ta canzuwa bayan an buɗe. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Faifai na kowane yanki zai tashi, amma ƙarin kayan gem da ake saye daban sai yankin asusun da ka saya da shi ya dace da na faifan. Dubi gaban kwalin: tambarin ESRB na Amurka ne, PEGI na Turai. In na hannu ne, ɗauka cewa lambar kyautar da ke ciki an riga an cinye ta, ka kuma haska bakin ramin tsakiya. Ƙarzuwa kaɗan ba komai, tsagewa a nan kuwa kar ka karɓa ko kyauta ne.

Injiniya_B:
Ƙari kan na Baba: kar a ɗauka faifai ya fi ƙarfin komai. Kamfanin Ubisoft ya kashe sabar gem ɗin The Crew (kwamfutar kamfani da gem ke haɗuwa da ita ta intanet) a ƙarshen Maris 2024, mai faifai da mai na intanet duk suka rasa, don gem ɗin ba ya tashi sai da saba. A ɗaya gefen, kamfanin EA ya cire tsofaffin FIFA daga shagunan intanet a 2023, yanzu mai son FIFA 19 sai faifai.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Asusuna na Amurka ne, faifan da na gani kuma PEGI ne a jiki. Zan koma in tambaya ko yana da mai ESRB.