Neman shawara: da me zan gina fuskar rumbun bayanan shagunan maigidana?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana yana sayar da atamfa da shadda a sari, yana da shaguna uku a Kantin Kwari da sito guda, kuma shi ne ya ɗauki nauyin karatuna tun bayan rasuwar mahaifinmu, don haka ba aiki ne da zan iya kauce masa ba. Shekara da shekaru yaransa suna shigar da lissafin kaya a Microsoft Access, wata manhajar adana bayanai, fayil ɗaya a kwamfutar babban shago, sauran shagunan kuwa a littafi suke rubutawa, da yamma a kawo a shigar. Fayil ɗin ya kusa kai iyakarsa ta gigabayit 2 saboda hotunan diloli da aka riƙa cusawa a ciki, kuma idan aka ɗauke wuta ana cikin rubutu, sai ya lalace. Na riga na kwashe bayanan zuwa PostgreSQL, wani rumbun bayanai da ake ɗorawa a kan saba (babbar kwamfutar da sauran suke haɗuwa da ita). Abin da ya rage shi ne fuskar da yaran shago za su riƙa aiki da ita, wato fom na shigar da kaya, da rasit, da jerin masu bashi. Na fara da React, kayan gina fuskar manhaja ta hanyar rubuta lambobin shiri, amma fom ɗaya kawai na kammala, ga shi maigida yana so a gama kafin kasuwar azumi ta buɗe. Don Allah ina mafita?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ajiye React ɗin nan yau ɗin nan. Aikinka fom ne da rahoto, kuma Oracle APEX, kayan gina manhaja na kamfanin Oracle, domin irin wannan aiki aka yi shi: ka nuna masa teburin bayanai, shi zai fitar maka da fom da shafin bincike, yaran kuma su buɗe ta burauza ko a wayoyinsu. Yana tafiya a kan Oracle XE, rumbun bayanan Oracle na kyauta, wanda yake ɗaukar bayanai har gigabayit 12, kuma kafin lissafin shaguna uku ya kai haka an daɗe.

Wani malamin kwamfuta:
Ban yarda da Injiniya ba, domin APEX a cikin rumbun Oracle yake zaune, ke nan sai yaron nan ya sake kwashe bayanan da ya sha wahalar kaiwa PostgreSQL. Shawarata ita ce ka bar Access ya ci gaba da zama fuska, ka haɗa teburansa da PostgreSQL ta hanyar ODBC, wato mahaɗin da manhaja take bi ta isa rumbun bayanai. Yaran sun riga sun san fom ɗinsu, bayanan kuma sun bar fayil ɗin da yake lalacewa. Sai dai ba ka faɗa mana ko akwai intanet tsakanin shagunan ba, alhali amsar duka a kan wannan ta rataya.

Wata 'yar'uwa:
Ni dai gargaɗina a kan lasisi ne. Na taɓa gina wa wani kantin magani irin wannan da Power Apps, kayan gina manhaja na Microsoft, aikin ya yi sauri ƙwarai, amma kuɗin kowane ma'aikaci duk wata ake biya, kuma da naira ta faɗi a 2023 mai kantin ya ce ni ce na jefa shi cikin asara. Har yau bai cika mini ragowar kuɗin aikina ba, ya koma Excel, kuma duk inda muka haɗu sai ya kawar da kai. Idan ka iya harshen shirya manhaja na Python, shafin gudanarwa na Django, kayan gina shafin intanet da Python, zai ba ka fom a kan PostgreSQL ba tare da ka biya ko sisi ba.

Injiniya:
Malam, Access ta ODBC a kan intanet ɗin kasuwa? Yaro zai danna neman sunan mai bashi ya zauna jira har abokin ciniki ya gaji ya tafi. Shafin Django kuwa don masu kula da manhaja aka tsara shi, ba don yaron shago mai gaggawar buga rasit ba. Kuma dogaro da Access akwai haɗari: mun ga yadda masu Visual FoxPro, wata tsohuwar manhajar bayanai, suka ƙare da Microsoft ya daina tallafa masa a 2015. Teburan shaguna uku kuwa aikin yini ɗaya ne a kwashe su zuwa Oracle.

Mai tambaya:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Amma Yaya Injiniya, ban zaɓi React da ka ba. Maigida ya ga manhajar wani abokinsa a waya, ya ce irinta yake so, kuma ni React na koya, ban taɓa taɓa Oracle ba. Access kuwa na riga na shaida wa maigida cewa zamaninsa ya wuce, ba zan iya komawa in ce masa a ci gaba da shi ba. Ina ganin idan na samu tsararrun fom na React da wasu suka gina, aikin zai yi sauri.

Wani malamin kwamfuta:
Har yanzu ba ka amsa maganar intanet ba, kuma ba ka faɗi inda sabar za ta zauna ba, ko wanda zai kula da ita idan ka yi tafiya.

Injiniya:
Ka turo mini tsarin teburanka yau da dare, zan nuna maka abin da APEX zai yi da su kafin gari ya waye.