Ruwan kwatar garinmu duk kududdufi yake tafiya, akwai mafita?

Ɗan Bakin Kasuwa:
Salam jama'a. Garinmu ƙarami ne a Jigawa, ruwan wanka da na wanke-wanke har da na mayanka duk lambatu ɗaya yake bi ya faɗa wani tsohon kududdufi, yanzu kuma masu motar kwasar masai ma can suke juyewa da daddare. Da damina ya cika ya shigo gidaje, rijiyoyin kusa har sun fara wari. Ƙungiyarmu za ta je wajen ciyaman amma ba mu san me za mu nema ba. Inji ake sayowa irin na Abuja ko yaya?

Injiniya_ZRX:
Wa alaikumus salam. Malam ku manta da irin na Wupa, wato matatar ruwan kwatar Abuja, wancan sai da wuta dare da rana saboda injinan da ke hura iska cikin ruwan, ga bututu da sai an ja daga kowane gida, kuɗin dizal kaɗai zai kayar da ƙaramar hukuma. Ku nemi fili a bayan gari a haƙa tafki uku a jere. Na farko mai zurfi kamar mita 3, nan dattin ke kwanciya ya ruɓe. Na biyu mai faɗi, zurfinsa mita ɗaya da rabi, za ka ga ruwan ya yi kore shar, gansakuka ce, ita ke ba da iska ga ƙwayoyin da ke cinye dattin, kar wani ya ce a kwashe ta. Na ukun bai kai su zurfi ba don rana ta ratsa ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan na yin makonni kafin ya fita, zafin garuruwanmu ma taimako yake. ABU Zariya na da irinsa.

Maman Khairat:
To Injiniya wannan ai kududdufi uku kenan maimakon ɗaya, sauro fa? ga yara da shegen son wanka a tafki

Injiniya_ZRX:
Hajiya da bambanci, ana daɓe ƙasansa da yumɓu don kar ya tsiyaya cikin rijiyoyi, a kewaye da waya, a riƙa nome ciyawar baki don nan sauro ke ƙwai. Na farkon kam yana wari, shi ya sa ake nesanta shi da gidaje.

Tsohon Duba-gari:
Duk na yarda, amma kafin a fitar da kuɗin fili an daɗe. Ku fara da masu motar nan, ku haɗa da mai unguwa da hakimi a ware musu wajen juyewa. Rijiyar da ba ta kai mita 30 daga shadda ba a daina shan ta sai an tafasa ko an sa kulorin, kun dai ga yadda kwalara ta yi mana a 2021. Mahauta kuma su tare jini da kashin tumbi, manoma saye za su yi su kai gona.