Ciki wata bakwai, ga yaro ba lafiya, don Allah a ba ni shawara

Saƙo daga wata 'yar uwa, ta ce a sakaya sunanta:

Assalamu alaikum Anti da 'yan uwa. Cikina wata bakwai, yarona kuma shekararsa ɗaya da wata tara. Maigidan a Fatakwal yake aiki, shi ya sa nake zaune wurin Hajiyarsa tun bikin ƙanwarsa, bikin da ni da tsohon ciki na wuni a gaban murhu har bayana ya ƙage, ko sannu ban samu ba, sai ma ƙorafin wai miya ta yi gishiri. Ba wannan ya kawo ni ba dai. Tun lokacin nake shan diclofenac da na saya a kemis, kuma yana min aiki. To yanzu yaron ya tashi da zazzaɓi da gudawa da mura. Hajiya ta ce haƙori ne, ta fasa kafso ɗin nan ja da yalo ta zuba masa a koko. Ni kuma na ba shi paracetamol na ruwa da maganin mura. Jikin ya sauka, amma sai barci yake, ya ƙi cin komai. Maƙociyarmu ta tayar min da hankali wai maganin da nake sha yana taɓa ɗan ciki. Da gaske ne? Shi kuma yaron me zan ƙara masa?

Maman Ilham: Allah ya ba shi lafiya. Haƙori ne, haka tawa ta yi, yana fitowa za ki ga ya warware.

Sista Bilki: Baiwar Allah, kar ki ƙara masa komai, asibiti za ki kai shi yau. Yaron da ke gudawa, ya ƙi ci, ya koma barci, ba a ce masa haƙori a zauna. A yi masa gwajin maleriya. Kafin ku isa ki riƙa ba shi ORS, ruwan gishiri da sukari na fakiti, kaɗan-kaɗan, za su haɗa masa da zinc na kwana 10 zuwa 14. Kafson nan tetracycline ne, ba a ba wa yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata haƙora ɓacin da ba ya wankuwa, mai ciki ma ba ta shan sa. Ke kuma ki ajiye diclofenac. Shi da ibuprofen da feldin dangi ɗaya ne: daga mako na 20 suna iya taɓa ƙodar ɗan ciki har ruwan mahaifa ya ragu, a watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa wadda sai bayan haihuwa ya kamata ta rufe. Ki faɗa musu a wurin awo. Mene ne sunan maganin murar? Da me kika auna?

Mai tambaya: Sista ba fa kullum nake sha ba, sai ciwon ya matsa. Kuma mai kemis ɗin ya san aikinsa, duk unguwa wurinsa ake zuwa. Da cokalin shayi na auna.

Sista Bilki: Ya san aikinsa ya miƙa wa mai ciki wata bakwai diclofenac? Cokalin gida ba ma'auni ba ne, kowanne da girmansa. Da nauyi ake lissafin paracetamol: miligiram 15 a kowane kilo. Yaro mai kilo 10 wajen mil 6 ke nan, idan kwalbar mai miligiram 120 a mil 5 ce, kuma kada ya wuce sau huɗu a kwana. Abin da ke damuna, maganin mura da yawa akwai paracetamol a cikinsu, sai uwa ta ninka ba ta sani ba, hanta ce ke shan wahalar. Wasu kuma suna sa barci.

Ummu Sadiq: Ni zancen surukar ne ya tsaya min a rai. Tawa jiƙo ta ɗura wa jaririna ina banɗaki, da na yi magana aka ce ba ni da kunya, har gida aka kai ƙarata.

Hajiya Yalwa: 'Yan nan kun cika tsoro. Da ɗauri muka rene ku, ga ku nan da ranku kuna danna waya. Ki nemi maganin haƙori na kwalba ki ba shi, ki bar uwar mijinki ta huta.

Sista Bilki: Hajiya ki yi haƙuri, amma maganin haƙori na kwalba ne, My Pikin, ya kashe yara 84 a ƙasar nan daga 2008, guba ta shiga cikinsa ta lalata musu ƙoda. A Gambiya ma a 2022 yara wajen 70 suka tafi ta hanyar maganin tari. Ko mai lambar NAFDAC ne, ba shi yaron nan yake buƙata ba.

Maman 'Yan Biyu: Ku ma ma'aikatan asibiti ku gyara. Mutum ya yi sammako wurin awo, a yi ta masa tsawa, a ƙarshe a sallame shi da maganin ƙarin jini da Fansida. Ba dole a koma kemis ba?

Mai tambaya: Yauwa, abin ke nan. Ni kaɗai da ciki da goyo zan je in bi layi? Kuma ba zan iya ce wa Hajiya ta daina ba, a gidanta nake, ita ta haifi ubansa. Ɗazu ma ya ɗan sha shayi. Na kira Abbansa ya ce a ga yadda zai kwana.

Sista Bilki: Kar ki jira gari ya waye. Ki duba ko yana fitsari, ko idonsa ya faɗa. Ɗauko kwalbar maganin murar ki turo mana hotonta.

Ummu Sadiq: Sista, ni ma ina shayarwa, an ba ni flagyl saboda ciwon ciki, in sha ko in bari?