Hayar kayan zamiya a dutsen Uludağ

Ɗalibi daga Istanbul: Assalamu alaikum. Zan je dutsen Uludağ da ke kusa da birnin Bursa na ƙasar Turkiyya a watan Janairu, kuma ban taɓa zamiya a kan dusar ƙanƙara ba. Waɗanne kaya ya kamata in ɗauka haya?

Mazaunin Bursa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da allunan zamiya biyu, ɗaya a kowace ƙafa, da sandunan dogarawa, domin allo guda yana ɗaure ƙafafu wuri ɗaya, sabon shiga kuwa yakan sha faɗuwa idan ya hau shi. Ka faɗa musu tsayinka da nauyinka daidai, saboda da su ake saita maɗaurin da ke sakin takalmi idan mutum ya faɗi.

Wata ɗaliba: Malam, takalmin ne abin lura. Idan diddigenka yana ɗagawa a ciki, ka nemi a canza maka shi nan take, kuma kada ka hau ba hular kwano.